Zuriyar Injin Peugeot: Daga 404 Zuwa 504

Duk wanda ya san Zariya a shekarun 1980 da 1990 zai tuna yadda motocin Peugeot, waɗanda Hausawa ke kira Fijo, suka mamaye hanyar da ta taso daga Tudun Wada ta ratsa Kwangila da Hanwa. Akwai 504 ta ma'aikata, da doguwar 504 mai ɗaukar fasinjan Kano da Funtuwa, da a-kori-kura 404, ga kuma J5 maƙare da buhunan masara. Gangar jikinsu ta bambanta, amma da za a buɗe bonet ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, za a tarar injinan masu shan fetur 'yan gida ɗaya ne.

Masu nazarin halittu sun san cewa hannun ɗan Adam da fiffiken jemage da ƙafar gaban akuya ƙasusuwa iri ɗaya ne, tsawo da kauri kawai suka sauya. Haka abin yake a ƙirar injuna. Gina masana'antar da za ta zubo gangar inji daga narkakken ƙarfe yana cin maƙudan kuɗi, saboda haka kamfani ba ya sake sabon tsari ga kowace mota. Yakan fitar da tsari guda, sa'an nan ya yi ta ƙara masa 'yan gyare-gyare shekaru aru-aru. Wannan ake nufi da zuriyar inji.

Asalin wannan gida yana komawa ga Peugeot 203 ta 1948, mai inji cc 1290, da 403 ta 1955, mai cc 1468. A 1960 kamfanin ya fito da 404 da injin da ya sa wa suna XC. Silinda huɗu gare shi a jere, gangarsa ta baƙin ƙarfe ce, murfinsa kuwa, wato abin da kanikawa ke kira tof-silinda, na alminiyam ne. An kishingiɗar da injin gefe guda da digiri 45 domin bonet ya yi ƙasa. Faɗin kowace silinda milimita 84 ne, fistin kuma yana tafiyar milimita 73 daga sama zuwa ƙasa. In aka lissafa cikin silinda huɗun sai a sami cc 1618.

Da aka zo yin 504 a 1968, mota ce da ta fi 404 nauyi, tana bukatar ƙarin ƙarfi. Injiniyoyin ba su taɓa faɗin silinda ba. Sun tsawaita tafiyar fistin daga milimita 73 zuwa 81, sai cikin injin ya koma cc 1796, aka kira shi XM. A 1970 kuma suka bar tafiyar yadda take, suka faɗaɗa silinda daga milimita 84 zuwa 88, aka sami cc 1971, wato XN1. Wannan shi ne injin lita biyu da ya shiga 505 a 1979, ya kuma shiga J5, inda aka ɗora shi a gicciye. Ke nan milimita takwas a tsaye da huɗu a kwance su ne kusan duk bambancin girman da ke tsakanin kaka da jika. Wani gyaran da ido ba ya gani ya riga waɗannan: a 1964 an ƙara matokaran karanshaf daga uku zuwa biyar, domin kada sandar ta riƙa lanƙwasa idan injin na gudu da kaya.

Amma halin gadon da ya fi muhimmanci ga ƙasar Hausa shi ne silif. A mafi yawan injuna, ramin da fistin ke kai-komo a ciki an huda shi ne a jikin gangar kanta. Idan ƙura ta cinye bangon ramin, dole a sauke injin a kai shi inda ake da na'urar rarake ƙarfe, a kuma nemo fistin mai girma. A wannan zuriya kuwa, tun daga 203, kowace silinda bututu ce mai zaman kanta da ake zura wa cikin ganga, ruwan lagireto yana kewaye ta kai tsaye. In ta cinye sai a zare ta a zura sabuwa, tare da fistin da ringinta, injin ya koma kusan yadda ya fito. Bakanike mai akwatin sifana a gindin bishiya zai iya wannan aiki. A ƙasar da hunturu ke cika iska da ƙura wata uku ko fiye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya taimaka wajen sa motocin da kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 suka daɗe a kan hanya fiye da tsararrakinsu. A wannan shekarar ce ma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya.

Sai dai inda ƙarfin yake nan raunin yake. Tunda silif ba haɗe yake da ganga ba, ɗan siririn zobe ne a gindinsa ke raba ruwa da baƙin mai, murfin injin kuma shi ke danne shi daga sama. Idan aka cire murfi, yaron gareji ya juya karanshaf ba tare da an danne silif ba, sai fistin ya ɗaga shi daga mazauninsa. Bayan an ɗaure inji sai a ga mai ya koma kamar kunu, alhali laifin ba na ƙira ba ne. Haka nan alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe idan ya ji zafi, don haka injin da aka bari ya tafasa sau ɗaya yana iya karkatar da murfinsa ya ƙona gaskit.

A nan ne al'adu biyu da suka zama ruwan dare suke yin ɓarna. Ta farko ita ce ɗura ruwan rijiya zalla a lagireto. Gishirin da ke cikinsa yana daskarewa a hanyoyin ruwa, yana kuma cin alminiyam da mazaunin silif a hankali. Ta biyu ita ce cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, bisa zaton ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi dominta. Wannan kuskure ne. Inji, kamar jikin dabba mai ɗumin jini, yana da zafin da ya fi aiki a kansa. Da sanyin asubar Janairu a Zariya, injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, fetur ya kasa zama tururi sosai, ya riƙa wanke man da ke bangon silinda, ringi ya ci silif da wuri.

Abin da ya kawo ƙarshen zuriyar ba lalacewa ba ne, sauyin muhalli ne. Tsadar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi na Turai sun bukaci inji marar nauyi mai ƙona fetur ƙurmus, kuma daga farkon shekarun 1990 kafireto ba ya iya cika sharuɗɗan. Peugeot ta riga ta fito da sabuwar zuriya mai suna XU a 1982, wadda aka ɗora sandar buɗe bawul a saman murfinta, bel na juya ta maimakon sarƙa. An daina ƙera 504 ƙirar salun a Faransa a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har 2006. Silif kuwa bai mutu tare da ita ba. Injin XU7 mai cc 1761 da ke cikin wasu motocin 406 yana da shi, a cikin ganga ta alminiyam, kuma ƙa'idar danne shi kafin a juya karanshaf tana nan yadda take a 404.