Wa Ke da Hurumin Yi wa Gona Kuɗi?

A ƙasar noman da ta kewaye Kano ta arewa, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, babu gonar da ba ta da mai ita, babu kuma dajin da za a ce wa mutum ya je ya sara. Tun a shekarun 1960, lokacin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi bincike a wannan yanki, ya tarar ana nome gonaki duk shekara ba hutu, takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa su ne ke riƙe da ƙarfinsu. Inda ƙasa ta yi tsada haka, saye da jingina da aro da rabon gado tsofaffin al'amura ne, kuma mutanen karkara sun daɗe da sanin yadda ake yi wa gona kuɗi a tsakaninsu. Abin da ya sauya shi ne masu zuwa neman gonar. A da maƙwabci ne ko ɗan'uwa. Yanzu akwai gwamnati mai faɗaɗa titin Kano zuwa Katsina, akwai layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 wanda ya ratsa ta Ɗambatta ya nufi Kazaure da Daura, akwai attajiran da ke sayen gonaki a gefen Dawanau su yanka fuloti, akwai banki, akwai kotu. Duk waɗannan ba su san kakan mai gona ba, kuma takarda suke karantawa. Don haka tambayar wanda ya isa ya rubuta kuɗin gona a takarda ta zama tambayar abincin gida.

Dokar Najeriya ta amsa wannan tambaya tun 1975. Dokar soja mai lamba 24 ta wannan shekarar ta kafa hukumar rajistar masu kimanta filaye da gine-gine, wadda ake kira ESVARBON a taƙaice, ta kuma haramta wa wanda ba ya cikin rajistarta ya gabatar da kansa a matsayin mai wannan sana'a. Kafin nan, a 1969, 'yan sana'ar sun kafa ƙungiyarsu mai suna NIESV, suna koyi da takwararta ta Ingila da ta kafu tun 1868. Hanyar shiga rajistar doguwa ce. Sai mutum ya yi digiri ko babbar difloma a fannin kula da filaye da gidaje a makarantar da hukumar ta amince da ita, kuma ana koyar da fannin a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Bayan haka sai ya tsallake matakan jarrabawar ƙungiya, ya yi aƙalla shekara 2 yana koyon aiki a hannun wanda ya riga shi rajista, ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi, ya zauna gaban manyan sana'a su yi masa tambayoyi baki da baki. Idan ya haye, hukumar ta ba shi lamba da hatimi. Wanda aka taɓa samu da laifin zamba ba ya shiga, wanda kuma ya shiga ya ci amana ana iya gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, a soke sunansa. Mutane kan haɗa shi da safiyo, alhali aikinsu daban ne: safiyo yana auna faɗi da tsawo ya kafa dutsen iyaka, kuma hukumarsa daban ce, mai kimantawa shi ne ke cewa abin da aka auna ya kai kuɗi kaza, ya kawo hujja.

Da yawa za su ce, me ɗan boko daga birni zai gaya wa manomin Kunci game da gonarsa? Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Dillalin ƙauye ya san wace gona ce ta sha taki shekara da shekaru, wacce ƙuduji ya cinye, wacce ruwa ke kwanciya a gindinta, wacce ke da rigimar iyaka da ta kwana tun zamanin kakanni. Ya san nawa aka sayar da ta kusa da ita bara, kuma ya san ko mai ita ya sayar ne don ya ga riba ko don asibiti ya matsa masa. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk mai hatimin da ya raina ta zai rubuta shirme. Sai dai amfanin lasisi ba a wurin yawan sani yake ba. Amfaninsa shi ne yana samar da mutumin da za a iya kamawa. Dillali la'adarsa tana kan ciniki ya faɗa, don haka idan mai saye ne mai ƙarfi, bakinsa zai karkata can, kuma idan daga baya aka gano an yi wa mai gona ƙwange, babu wata rajista da za a cire shi, babu takarda mai sa hannunsa da za a kai gaban alƙali. Mai unguwa da dagaci shaidu ne na mallaka, kuma shaidarsu tana da nauyi, amma a wurare da yawa su ma suna da kaso a cinikin. Mai hatimi kuwa dole ya rubuta ranar da ya je, da abin da ya gani, da cinikayyar da ya gwada da ita, da hanyar da ya bi ya kai ga adadin. Abin da aka rubuta ana iya ƙaryata shi, kuma wannan shi ne kariyar mai ƙaramin ƙarfi.

Ƙasar Kano ta taɓa ɗanɗana awon da ba a iya tuhumar mai yinsa. Daga 1909 Turawa suka fara tura malaman taki gundumomin da ke kusa da birni, suna auna gonaki da sawu don a yanka haraji. Ƙorafin da aka yi ta yi a kansu shi ne awon bai cika fita daidai ba, kuma hannu yana miƙa wa hannu, talakan da bai miƙa ba gonarsa ta faɗaɗa a littafi. Matsalar ba ta rashin iya lissafi ba ce kaɗai. Manomi ba shi da inda zai kai kuka. Malaman fiƙihun Malikiyya sun hango irin wannan tun da daɗewa. A babin rabon dukiya sun shardanta mai rabo ya zama adali, masanin abin da yake rabawa, kuma masu sharhin littafin Mukhtasar sun bayyana cewa inda ƙimar za ta jawo wa wani biyan kuɗi, mutum ɗaya bai isa ya yanke ta ba. Ke nan tunanin cewa ba kowa ne zai yi wa dukiyar wani kuɗi ba, ba baƙo ba ne a nan. Lasisin zamani tufa ce sabuwa a jikin tsohon sharaɗi.

Inda wannan ya fi tasiri a karkara, kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne rabon gado. Gonar da uba ya bari ta riga ta ƙanƙance, idan aka yanka ta tsakanin 'ya'ya goma babu wanda zai samu abin da zai ciyar da gida. Sai a yi mata kuɗi, maza su riƙe, su biya mata da ƙananan yara rabonsu. A nan adadin da aka faɗa shi ne komai. Alƙali zai fitar da tumunin matar mamaci daidai, ya ba namiji rabon mata biyu daidai, amma idan tun farko an karya kuɗin gonar, lissafin faraida ya tafi daidai a kan ƙarya. Wadda aka aurar Bichi ko Sabon Garin Kano ba ta san abin da gonar bakin titi ta kai bana ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta ja da yayanta ba. Kotunan shari'a kan tura a yi wa dukiya kuɗi, wani lokaci masu hatimi, wani lokaci dillalan unguwa. A ganina, duk gonar da ke bakin titi ko kusa da inda ake yanka fuloti, matuƙar akwai mace ko maraya cikin magada, bai kamata kotu ta karɓi adadi daga bakin wanda ba za a iya tuhuma ba.

Hujja mafi ƙarfi da ke sukar wannan ra'ayi tana fitowa ne daga dokar ƙasa ita kanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kamar yadda dokokin Arewa na 1910 da 1962 suka share mata hanya. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce diyyar da za a biya ta abin da aka yi a kan ƙasar ce: gini, rijiya, magudanar ban ruwa, amfanin gona da itatuwa. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Bugu da ƙari, jami'in filaye na gwamnati ne ke tsayar da farashin amfanin gona, wato mai karɓa shi ne mai yanke abin da zai biya. To mene ne amfanin ɗauko mai hatimi ya ce gona ta kai miliyan kaza, alhali doka za ta ƙirga kan gero da bishiyar mangwaro kawai? Wannan aibin dokar ne, kuma lasisi ba zai warkar da shi ba. Amma daidai saboda abin da doka ta bari kaɗan ne, kowane ɗigo a cikinsa yana da muhimmanci. Ranar ƙirga ita ce ranar da ake cin manomi ko ya tsira. An rubuta ɗorawarsa a matsayin babba mai ba da kalwa ko ƙaramar da ba ta fara ba? An ƙirga kuka da tsamiya da gawo, ko an ce itacen Allah ne? An ga rijiyar fadama da shingen? An zo da rani, gona ba shuka, aka rubuta fili ne kawai? Jadawalin farashin itatuwa da amfanin gona da aka tsara a matakin tarayya a 2008 ya zauna har 2024 kafin a sake duba shi, duk da yadda naira ta zube a tsakani, kuma wanda ya san sana'a ne zai tambayi da wane jadawali ake biyansa. Shi ne zai tuna cewa doka ta tanadi kuɗin jinkiri a kan diyyar gini, cewa sashenta na 6 ya ɗora wa ƙaramar hukuma bai wa manomi wata gonar a madadin wadda aka karɓe, cewa sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba mutum damar kai maganar adadin diyya kotu, kuma cewa aikin da Bankin Duniya ya sa kuɗi a ciki yana da ƙa'idar biyan abin da zai isa a maye gurbin abin da aka rasa. Maganar ba da wata gona, a yankin da babu sauran daji, galibi a takarda take tsayawa, amma ko don a matsa a ƙara diyya tana da amfani. Gwamnati da ɗan kwangila suna zuwa da nasu masu kimantawa. Manomi ne kaɗai ke zuwa da bakinsa.

Saura batun tsada da amana. Masu rajista ba su da yawa, kuma ofisoshinsu na cikin birni, inda hayar shaguna da rancen banki suke. Mai kadada ɗaya ba zai iya ɗauko su shi kaɗai ba. Abin da ake yi a aikace shi ne mutanen da aiki ya shafa su haɗu su wakilta mutum ɗaya, a biya shi wani kaso daga diyyar idan ta fito. Wannan yana buɗe wa talaka ƙofa, amma yana da tarko: akwai masu yawo ƙauyuka da takardar wakilci suna sa a dangwala, ba su da rajista ko kaɗan, kuma kason da suke yanka ba ya da iyaka. Akwai kuma mai hatimin gaske da zai kumbura adadi don kasonsa ya ƙaru, ko ya karya shi don ya faranta wa mai ba shi aiki gobe. Amurka ta ga haka a shekarun 1980, lokacin da ƙimar ƙarya ta taimaka wajen durƙusar da ɗaruruwan bankunan ajiya da rancen gidaje, kuma a 1989 majalisarta ta tilasta wa jihohi kafa tsarin lasisi. Wannan bai hana a sake kumbura farashin gidaje kafin rikicin tattalin arziki na 2008 ba. Abin da hakan ke nunawa shi ne lasisi yana aiki ne gwargwadon yadda ake soke shi. Hukumar da ke ba da hatimi amma ba a jin ta karɓe na kowa, kuɗin rajista kawai take tarawa.

Akwai kuma giɓi a horon kansa. Karatun ya fi karkata ga gidajen haya da manyan shaguna, inda ake da rasit da yarjejeniya a rubuce. Cinikin gona a Makoɗa ko Tsanyawa yawanci a gaban shaidu ake yi, takardar da ke akwai ta dagaci ce, wani lokaci ma ana ɓoye ainihin kuɗin. Mai kimantawar da bai san bambancin jingina da saye ba, ko bai san bishiya tana iya zama ta wani gona ta wani ba, zai yi kuskure da hatiminsa a kai. Ya kamata a sa kimanta gonar gado cikin abin da ake jarraba ɗalibai a kai a makarantun Arewa, a kuma wajabta wa mai rahoto ya ambaci dillalai da dattawan da ya ji ta bakinsu, su zama madogara, shi ya ɗauki alhaki. Ba kuma kowane ciniki ne ke buƙatar wannan ba. Maƙwabta biyu da suka san gonar, suka san juna, suka yi ciniki a gaban mai unguwa, tilasta musu ɗauko mai hatimi ƙarin kashe kuɗi ne kawai. Ana buƙatarsa ne inda ɗaya ɓangaren ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ko inda mai haƙƙi ba ya wurin da zai yi magana. A irin wannan hali, kafin kowa ya dangwala a takardar wakilci, a nemi cikakken sunan mutumin da lambar rajistarsa, a tabbatar da su a reshen ƙungiyar da ke Kano, a rubuta kason da zai ɗauka, kuma kowane mai gona ya riƙe kwafin takardar ƙirgarsa tun ranar da aka yi ta.