Kayan Kwalliyar Da Mu Ke Gani A Fim

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin malanta a wata makaranta a Lokuwa, cikin garin Mubi, akwai wata yarinya mai ƙwazo ƙwarai a ajina. Rannan sai ta zo ta zauna can baya, ta rufe fuska da gyale. Da aka tashi na kira ta, na ce, "Me ya same ki?" Ta yaye gyalen, sai na ga kumatunta sun yi jawur, sun saɓule kamar ƙunar ruwan zafi. Ta ce, "Malama, wani mai na gani gaban madubin wata 'yar wasa a fim ɗin Kano, na nemi mai irin kwalbarsa a kasuwa na saya." Makonta biyu tana zuwa asibiti, jarrabawa ta wuce ta.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata mu malaman gobe mu san abin da idonmu ke gani a fim.

Da fari dai, sheƙin fuskar 'yan wasa yawanci ba na mai ba ne. Aikin fitila ne, da na mai kwalliya, da na mai gyaran hoto. Kun san hodar nan da iyayenmu ke kira fankeke? To, asalinta Pan-Cake ce ta kamfanin Max Factor na Amurka. Domin fim mai launi aka yi ta, don kada fuska ta yi ƙyalli gaban fitila. An fara aiki da ita a fim cikin 1937, ta shiga kasuwa cikin 1938. Watau kyan da ka gani shafe ne na yini guda, da dare a wanke.

Na biyu, kwalbar da aka ajiye gaban madubi ba shaida ba ce. Wata don ado aka sa ta, wata kuwa mai kaya ne ya biya a nuna ta, talla ke nan. Kamannin kwalba kuma ba su faɗin abin da ke ciki. Sai an karanta rubutun jikinta: sunan masu yi, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da abubuwan da aka haɗa. In ka ga an rubuta mercury, ko clobetasol, ko hydroquinone, to man bilicin ne, yana sa fata ta yi sirara, na farkon ma har ƙoda ya kan taɓa. Wanda ba shi da rubutu sam, shi ya fi muni. Cikin 2023 NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar matsala ta gaggawa a Nijeriya.

Na uku, kayanmu na gida da a ke nunawa wajen gyaran amarya, su lalle, da dilka, da humra, da kwalli, su ma a san su. Lalle na gaskiya ja ya ke kamawa. Baƙin nan mai kamawa nan da nan, sau da yawa rinin gashi a ke zuba masa, ya kan sa ƙuraje. Kwalli na dutse kuwa akwai dalma a cikinsa. Cikin 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri, ɗan 'yan Nijeriya a Boston, wanda aka sami dalma a jininsa saboda kwalli.

'Yan'uwana ɗalibai, ba mu iya hana yara kallo, amma muna iya koya musu karatun jikin kwalba. Ni dai na sa kowa ya kawo kwalbar da ta ƙare daga gida, muka karanta tare a aji. Ku gwada, darasin Turanci ne da na kiwon lafiya gaba ɗaya. Wani kyan, kyan ɗan maciji ne.