Farautar akwati a dajin Dartmoor: ina rabon masu raunin ƙafa?

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani daji mai tuddai da duwatsu da fadama mai cin ƙafa, ana ce da shi Dartmoor. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can tsakiyar laka, domin duk baƙon da ya jure har ya kai wurin ya jefa katin sunansa. Daga nan wasan ya samo asali. Yau akwatuna ne ɓoye a ƙarƙashin duwatsu, kowane da littafi da hatimin roba. Wanda ya gano akwati sai ya buga hatimin cikin littafinsa, ya buga nasa cikin na akwatin, ya mayar da kaya yadda ya tarar.

To amma wasan da aka gina bisa wahalar tafiya, yaya mai keken guragu zai yi da shi, ko dattijon da gwiwa ta gaza? Cranmere kam ta fi ƙarfinsu.

Tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa ne suka kawo musu sauƙi. Granite Way, wajen kilomita 18 tsakanin Okehampton da Lydford, shimfiɗe take, babu hawa mai tsanani. Hukumar gandun kuma ta ware hanyoyin da ba sai an ƙetare shinge ba. Saura masu ɓoye akwati: wanda aka cusa cikin laka, ko taki goma ne daga bakin hanya, mai keke sai dai ya hange shi, ya jira abokin tafiya ya ɗauko masa.