Google ya sha kaye a kotu, amma bai rabu da Chrome ba

A watan Agustan 2024, alƙali Amit Mehta na kotun tarayya a Washington ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar binciken intanet ba bisa doka ba. A 2021 kaɗai, kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga irin su Apple da Samsung domin manhajarsa ta zauna a wayoyinsu tun daga masana'anta.

Ma'aikatar shari'ar Amurka ta nemi a tilasta masa sayar da Chrome. A Satumban 2025 alƙalin ya ƙi, sai dai ya umarce shi ya bai wa abokan hamayyarsa wasu bayanan bincike. Haka Microsoft ya tsallake rijiya da baya a 2001, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin raba shi gida biyu.