3.4 Yadda Ake Tantance Rahoton Ganin Wata a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana hanyar da rahoton ganin jinjirin wata yake bi, da kuma ma'aunan da ake fifita wani rahoto a kan wani, domin a kan wannan hukunci ne ɗaukar azumi da ranar Salla suka rataya.

3.4.1 Hanyar da Rahoto Yake Bi

Duk da cewa an cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a shekarar 1996, sanar da tsayuwar wata yana hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wanda tun daga shekarar 2006 shi ne Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar. Idan wata ya kwana 29, fadarsa kan umarci jama'a da su duba sabon wata, wanda ya gani kuma ya sanar da dagaci ko hakimi mafi kusa. Daga nan rahoto kan wuce zuwa fadar Sarkin Katsinan Gusau, ko ta 'Yandoton Tsafe, ko ta Sarkin Fulanin Bunguɗu, sannan a miƙa shi Sakkwato, inda kwamitin ganin wata yake auna shi da rahotannin sauran garuruwa.

3.4.2 Ma'aunan Fifita Rahoto

Ma'auni na farko shi ne na mai shaida. A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da ganin adalai biyu, ko na jama'a mai yawa wadda ba zai yiwu ta haɗa baki a kan ƙarya ba. Saboda haka rahoton mutum ɗaya yana ƙasa da waɗannan.

Na biyu shi ne bayanin abin da aka gani, wato lokaci, da shiyya, da tsayinsa daga ƙasa, da inda ƙahoninsa suka fuskanta. Gefen jinjiri mai haske a kullum yana wajen da rana ta faɗi, don haka wanda ya kwatanta saɓanin wannan, wataƙila Zara ya gani ko ɓallin gajimare.

Na uku shi ne lissafin masana taurari. Matsakaicin tsawon wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, kuma bayan haihuwarsa yana nisantar rana da kimanin rabin digiri a kowace awa. A shekarun 1930 wani Bafaranshe mai suna André Danjon ya nuna cewa ido ba ya ganin jinjiri idan tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. Ke nan watan da aka haifa da hantsi ba a sa ran ganinsa a yammacin wannan rana. Haka kuma idan wata ya riga rana faɗuwa, babu abin da za a gani.

Na huɗu shi ne yanayi. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake zagaya lokutan shekara. Da hunturu hazo kan rufe yamma, da damina kuma gajimare. Har wa yau, duwatsu irin na Kwatarkwashi suna iya tare wa wanda yake gabas da su mafaɗar rana.

3.4.3 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lissafi yana iya kore rahoton da ba zai yiwu ba, amma tabbatar da wata aikin shaida ne. Idan babu rahoton da ya tsallake waɗannan ma'aunai, sai a cika wata kwana 30. Sashe na gaba zai dubi dalilan da kan sa wasu jama'a su saɓa wa sanarwar fada.