Kirifto Ga Sabon Shiga: Kafin Ka Saya, Ka San Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin

A shekarar 2013, a garin Newport da ke Wales, aka zubar da wata tsohuwar ma'adanar kwamfuta a bola bisa kuskure. A cikinta akwai mabuɗin Bitcoin sama da 7,000. Mai ita ya shafe fiye da shekara goma yana neman izinin tone jujin, hukumar garin ta ƙi. Kuɗin suna nan a rubuce, kowa na iya ganinsu a intanet, amma babu mai iya taɓa su, har shi mai su. Idan ka gane dalilin haka, ka gane rabin harkar kirifto.

Mene ne kirifton ma tukuna?

Ka san adashi. Uwar adashi ce ke riƙe da littafi, ita ke rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Banki ma haka yake, littafinsa ne ke cewa kana da naira kaza. To ka ɗauka kowane ɗan adashi yana da kwafin littafin, kuma duk zubin da aka yi sai an rubuta shi a dukkan kwafin. Idan wani ya ƙara wa kansa sifili, sauran littattafan za su ƙaryata shi.

Wannan littafin na bai-ɗaya shi ake kira bulokcen. Wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ne ya bayyana tsarin a 2008, Bitcoin kuma ya fara aiki a Janairun 2009. Kusan duk minti 10 ana ƙara sabon shafi, kuma kowane shafi yana ɗauke da wani tambari na lissafi da aka ciro daga shafin da ya gabace shi. Ka taɓa tsohon shafi, duk na bayansa sun lalace. Manyan kwamfutoci ne ke gasar rubuta sabon shafin, a biya wadda ta yi nasara da sabon Bitcoin. Wannan shi ne ainihin mainin, ya bambanta da dannen wayar da aka yi ta yi a Telegram a 2024.

Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, kuma ba dole ka sayi guda cikakke ba, domin kowane ɗaya ya kasu gida miliyan 100.

Walet ba lalita ba ce

Nan ne sababbin shiga ke ruɗewa. Babu ko kwabo a cikin wayarka. Kuɗin suna cikin littafin can, walet mabuɗi kawai take riƙewa. Abu biyu gare ka: adireshi, wanda yake kamar lambar asusu, kana iya ba kowa ya turo maka; sai mabuɗin sirri, wanda da shi ake sa hannu a fitar da kuɗi.

Da yake mabuɗin doguwar lamba ce, sai aka mayar da shi kalmomin Turanci 12 ko 24, daga wani jeri mai kalmomi 2,048. Adadin haɗe-haɗen da kalmomi 12 za su iya bayarwa lamba ce mai alƙaluma 39, don haka canke ba zai yi aiki ba. Shi ya sa ɓarawo ba ya wahalar da kansa da lissafi, kai yake lallaɓawa ka ba shi da hannunka. Duk wanda ya ga kalmomin nan zai iya buɗe walet ɗinka a tasa wayar, daga ko'ina a duniya, ya kwashe komai. Kuma a nan babu manajan da za ka kai wa kuka, abin da aka tura ya tafi ke nan.

Yadda ake saye

A Najeriya, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disamban 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Don haka kafin ka buɗe asusu a wata kasuwar kirifto, shiga shafin SEC ka duba ko tana cikin waɗanda aka amince da su.

Za a nemi shaidarka, kamar NIN ko BVN. Da zarar ka buɗe, kunna matakin tsaro na biyu, kuma ka zaɓi manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, domin ana iya sace layin waya.

Idan ta hanyar P2P za ka saya, wato kai da wani mutum kai tsaye, kasuwar ce ke riƙe kirifton a matsayin amana har a biya. Kada ka yarda a ja ka zuwa WhatsApp a ƙarasa ciniki a can. Idan kuma kai ke sayarwa, kada ka saki kaya don ka ga alat, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka.

Wajen turawa, ka kula da layin da za a bi. USDT, alal misali, yana tafiya a kan Tron da kuma Ethereum. Adireshin Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum da 0x. Kuskure a nan na iya cinye kuɗin. Fara tura ɗan kaɗan, ka ga ya isa, sannan ka tura sauran.

Sai batun farashi. A Nuwamban 2021 Bitcoin ya kai kusan dala 69,000, bayan shekara guda ya dawo wajen dala 16,000, a Disamban 2024 kuma ya haura dala 100,000. Har waɗanda aka ɗaure darajarsu da dala ba su tsira ba, TerraUSD ya rushe a Mayun 2022. Kuɗin haya, na makarantar yara, ko jarin da aka ba ka amana, ba su da wuri a nan.

Ina za ka ajiye?

Hanya ta farko, ka bar su a kasuwar da ka saya. Da sauƙi, amma mabuɗin yana hannunsu, kai alƙawari kawai ka riƙe. Mt. Gox ta durƙushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000 da suka yi ɓatan dabo, FTX ta bi sahu a Nuwamban 2022, masu ajiya suka wayi gari ba sa iya cire kuɗinsu.

Ta biyu, walet ta waya, irin Trust Wallet ko MetaMask. Mabuɗin na hannunka, amma wayar na kan intanet kullum. Ta dace da ɗan abin da kake juyawa.

Ta uku, 'yar na'ura irin Ledger ko Trezor, wadda mabuɗin ba ya fita daga cikinta. Idan kuɗin sun yi kauri, ita ce ta fi. Ka saye ta sabuwa daga kamfanin, kuma idan ta zo da kalmomi a rubuce, tarko ne.

A hanya ta biyu da ta uku, ka rubuta kalmomin da biro a takarda, a jere yadda suka zo. Kwafi biyu, wuri biyu, inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kanka a WhatsApp ko imel. Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ka su.

Wanda ya ce kawo a juya maka

MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025. Salon ɗaya ne: riba tabbatacciya, cikin ɗan lokaci, da lada idan ka kawo wani. Kadarar da farashinta ke hawa da sauka haka ba ta da ribar da wani zai lamunce maka. Lambobin da kake gani suna ƙaruwa a shafinsu, su ne suka rubuta su.

Kafin ka sa kuɗi mai yawa, yi wannan gwajin. Buɗe walet, rubuta kalmomin, tura mata ɗan abin da ba zai dame ka ba, goge manhajar, sannan ka dawo da ita da takardarka. Idan kuɗin sun bayyana, ka iya. Daga nan sai ka yi tunanin magada: rai na hannun Allah, kuma babu kotun da za ta iya buɗe walet. Ka tabbata akwai amintaccen mutum ɗaya da ya san akwai takardar, ya kuma san inda zai same ta.