Me Ya Sa Wasu Ƙwayoyin Cuta Ke Jawo Sankara?

A cikin watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. Ba laifi ba ne idan magidanci a Kazaure ko Babura, ko Roni ko Gwiwa, ya tsaya ya yi tambaya: sankara dai ba kyanda ba ce, to, ta ƙaƙa allura za ta hana ta?

Amsar ita ce, wasu ire-iren sankara asalinsu wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, wadda ta fi ƙarfin ganin ido nesa. Tun a 1911 wani masani a Amurka, Peyton Rous, ya nuna haka a jikin kaji. A 1958 Likita Denis Burkitt ya ba da bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, sa'an nan a 1964 aka gano bairos a cikin irin wannan ƙari. A 1983 kuma wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano irin bairos ɗin HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa.

Abin mamaki shi ne, bairos ba ya cin ribar sankara. Ba shi da wata hanyar wanzuwa sai ya shiga ƙwayoyin halittar jikin mutum ya hayayyafa, ya ƙetara zuwa jikin wani. Wanda ya fi iya wannan shi ne zuriyarsa ke yaɗuwa, wanda ya kasa kuwa sai irinsa ya ƙare. Da haka halayensu suka riƙa sauyawa a tsawon dubban shekaru, har suka rabu gida biyu.

Gida na farko su ne masu gaggawa, irin na mura da kyanda. Waɗannan baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne: cikin 'yan kwanaki sun tashi sun koma jikin wani. Gida na biyu su ne masu zaman dirshan, waɗanda kan ɓuya a jiki shekara da shekaru suna jiran damar ƙetarawa. Kusan duk masu jawo sankara daga wannan gida suke.

Dalili kuwa shi ne, kowace ƙwayar halitta tana da linzami da ke tsayar da ita idan ta fara rarrabuwa ba bisa ƙa'ida ba, ko kuwa ya sa ta mutu idan ta lalace. Bairos ɗin HPV yana zaune ne a fatar da ƙwayoyinta suka daina rarrabuwa, shi kuwa ba ya hayayyafa sai suna aiki. Saboda haka sai ya kwance linzamin. A jikin yawancin mata garkuwar jiki takan kore shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma idan ya daɗe, wani guntunsa kan maƙale a cikin kundin gadon ƙwayar halittar, ta yi ta rarrabuwa ba tsayawa. A wannan hali shi kansa bairos ɗin galibi ba ya iya fitar da sababbin 'ya'ya. Watau sankara hatsari ne da ke cin mai gida da baƙonsa gaba ɗaya.

Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu, yakan bi daga uwa zuwa jariri, ko ta jini, alal misali ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita ba tare da tafasawa ba. Cikin jarirai goma da suka kamu lokacin haihuwa, kimanin tara za su zauna da shi, alhali babban mutum galibi yakan warke. Hanta takan yi shekaru tana rauni tana gyara kanta, kuma a cikin wannan gyara ne kuskure kan auku. Haɗarin kan ƙaru ainun idan mutum yana cin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin fumfunar tana ɗauke da guba mai lalata linzamin nan da muka ambata. Wannan abin lura ne ga manoman gyaɗa na yankin nan.

Tun da sai bairos ya daɗe a jiki kafin ya yi ɓarna, tare shi a bakin ƙofa shi ne dabara. Tun 2004 allurar ciwon hanta take cikin alluran yara a Nijeriya, kuma an fi son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wajibi ne ma'aikata da ɗalibai su kai wannan bayani gida: a kai jariri asibiti ranar da aka haife shi, a yi wa 'yan mata allurarsu, wanzami ya canja aska, a shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a zuba a rumbu. Rigakafi dai ya fi magani.